Ɗaya Gefen Littafi

Ku uku kun zo mini ranar Juma'a, bayan an naɗe tabarmin gaisuwar rasuwar maigidana Malam, kuka ce in ba ku makullin akwati da izinin rumfa, za ku ci gaba da bita. Na ce to, ku dawo. Da kuna fita na ji babbanku yana cewa ai bita ba koyarwa ba ce, abin da aka riga aka koyar ne ake maimaitawa, kowa ma zai iya. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka lokacin da iyakata in kawo wa Malam shayi rumfar nan in koma ciki. Makullin zan ba ku. Amma ku karanta wannan tukuna, don a kwanakin nan in na fara magana da baki ba na kaiwa ƙarshe.

Aikinmu na wata uku ne a shekara, watannin da ke gaban jarrabawar asas, wadda ɗan aji takwas yake yi in zai wuce sakandare. Makaranta ta koyar da su da safe, mu mu karɓe su bayan la'asar mu ga abin da ya zauna. Larabci kawai muke taɓawa: karatu, fahimtar abin da aka karanta, shifta, insha'i, da ɗan nahawu. Kada ku ce ai yaranmu sun fi mu jin Larabci. Hausa suke ji a gida, Larabcin kasuwa a bakin tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, sannan takarda ta zo musu da Larabci na uku wanda ba a taɓa sayen albasa da shi ba.

Allon da kuke gani ƙyauren tsohon ɗakin surukata ne. Duk farkon shekara a fasa tsohon batir, a fitar da baƙin garin da ke ciki, a kwaɓa da ƙaro a shafa, a bar shi a inuwa kwana biyu. In kun shanya shi a rana zai tsage. A cikin akwatin akwai tsinke na bin layi, da reza ta feƙe fensir, da takardun jarrabawar shekarun baya. Sandar da ke jingine ba ta yara ba ce, ta awaki ce. Akuyar maƙwabta ta taɓa cinye mana ƙarshen wani labari a littafin aji bakwai, shekara huɗu yara suna karanta shi su tsaya a tsakiya, kowa ya ƙirƙiro nasa ƙarshen. Malam ya ce akuyar nan ta koyar da insha'i fiye da shi.

Ni karatuna bai yi nisa ba, a makarantar tsakiya ta zamaninmu na tsaya. Ranar da Malam ya ce in ajiye butar shayi in zauna, na ɗauka alli zai ba ni. Tsinke ya ba ni. Shekara guda cur ba abin da nake yi sai bin layi da tsinke yaro yana karatu, kuma ya hana ni gyara kowa. Ya ce in saurara kawai, in gano wa ke karantawa, wa ke rerawa. Yaranmu duk sun yi makarantar allo, kansu na riƙe abu kamar ƙaro, kuma wannan alheri shi ne matsalarmu. Na tuna ɗan mai gadin ruwa da ya karanta mana labarin teku daga farko har ƙarshe, murya kamar ta rediyo, idonsa na kan wata kaza da ke tona a bakin rumfa. Malam ya rufe littafi ya tambaye shi labarin me ya karanta. Yaro ya yi tunani sosai, ya ce labarin shafi na arba'in da ɗaya ne.

Maganin wannan guda ne, kuma shi ne rabin sana'ar. In yaro ya gama karatu a rufe littafi, a ce masa: ga kakarka nan zaune, ba ta jin Larabcin takarda, faɗa mata da Hausa abin da ya faru. In ya iya, ya karanta. In ya fara da cewa "wato dai", ya tsaya yana sosa ƙeya, a koma layin farko. Shekaru da yawa ni ce kakar. Malam yakan sa in ɗaura kallabi har gira in riƙa cewa ban ji ba.

Iyaye kuma sai kun yi haƙuri. Wani Alhaji ya taɓa kawo ɗansa saura kwana takwas jarrabawa, ya tsayar da shi a bakin rumfa kamar keke, ya ce a duba masa shi, zai biyo jibi. Wata kuma ta ce kada a wahalar mata da ɗa, a koya masa abin da zai fito kawai. Malam ya ce mata in ta san wanda ya san abin da zai fito, ta taimaka ta kai shi shi ma.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce wadda zazzaɓi ya kwantar da Malam, ya tashi ya koma masa ƙirji. Tun ɗibar auduga yake kwance. Littattafai ma ba su zo ba, tabarmar 'yan mata mutum tara ne a kan littafi ɗaya, a ajiye shi a tsakiya su kewaye shi kamar akushi. Ni kaɗai na riƙe tabarmar maza da ta mata, ina leƙawa ciki in ba shi ruwa in fito.

A tabarmar mata akwai Bilki, ɗiyar Tabawa. 'Yan kambo ne, wato bukkokin da ke bayan tur'a inda masu aikin ƙwadago suke zama, waɗanda ba su da hawasha, wato gonar rani, tasu sai dai su yi a gonar wani. Ubanta yana can Damazin wajen gonakin inji, sai salla ake ganinsa. Tabawa ta zo da kanta ta faɗa mini sharaɗinta, a tsaye, ba ta ko zauna ba. Bana ta hana kanta hannun Bilki a gona don ta yi karatu, amma sau ɗaya ne. In ta ci, ƙanwar Tabawa da ke birnin Madani za ta ɗauke ta ta yi sakandare. In ta faɗi, ba maimaici, ga ƙannenta huɗu, auduga na jira. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, don a lokacin ba ni da mai karatu kamar Bilki. Ba ta rerawa. In an rufe littafi, kakar ma sai ta so a ƙara mata.

Saura mako shida na fito da tsoffin takardu don gwaji, na ba kowa tasa a hannu, na ce Bilki ta fara don sauran su ji yadda ake yi. Ta riƙe takarda. Ta fara haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kamar 'yar aji biyu, tana gumi. Na ɗauka ba ta da lafiya. Can ta saci kallona, ta juya takardar a hankali, kanta ya koma ƙasa, ta zuba karatu kamar an buɗe ruwa.

Na ce, "Bilki, ni kike yi wa wasa?"

"Wallahi a'a, Ustaza. Haka littafi yake."

"Haka yake yaya?"

"Haka nake ganinsa tun aji ɗaya."

Sai da na zagaya na zauna a wurinta na gane. Ba wanda ya taɓa raba wa yaran nan wurin zama. Yadda suke ganin iyayensu na zama a suna da ɗaurin aure, haka suke zama da kansu: ɗiyan masu hawasha a gaban littafi, na kusa da su a gefe, ɗiyar kambo a can ɗaya gefen. A makaranta ma haka, shekara takwas. Rubutun hannu na allo tana karanta shi daidai, don ba a zama bayan bango, kuma tana rubutu daidai. Amma bugun inji, wanda siffarsa daban ce da ta hannu, ba ta taɓa ganinsa ba sai a juye. Laifin nawa ne, tabarmar tawa ce. Tun daga shekarar ba mu ƙara barin yaro ya kwana biyu a wuri ɗaya ba, kullum kowa ya matsa dama da mutum guda. Wannan ku riƙe shi, ko da kowa yana da littafinsa.

Na shiga na faɗa wa Malam. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce shi sai da ya shekara biyar yana zama gaban yara kafin ya iya karanta littafinsu ta wancan gefen, ga yarinya ta samu kyauta. Da tarin ya lafa sai ya daina dariya. Ya tuna mini cewa a takardar jarrabawa tambaya bugun inji ce, kuma a ƙarƙashinta ake rubuta amsa. Ke nan kowace tambaya sai ta juya ta karanta, ta juya ta rubuta. Mai tsaron ɗaki kuwa in ya ga takarda na yawo, abu ɗaya zai kawo a ransa, kuma wanda aka kama da satar amsa shekararsa ta tafi.

Tabawa da ta ji ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce, "Wagga ɗiya ai da ƙafa ta fito. Na san wata rana sai abin ya nuna." Ta sayo turare, ta kuma sa Bilki ta riƙa kwana kanta a inda ƙafarta take, ko za ta daidaita. Na bar ta, don bai hana karatu ba.

Malam daga shimfiɗarsa ya kawo dabara. Ya ce kada a juya mata littafi gaba ɗaya, a riƙa karkata shi faɗin yatsa kullum, yadda ake sakin ruwa a gona kaɗan-kaɗan, idonta ba zai ankara ba. Na yi wa tabarma alama da gawayi, muka fara. Abin da mu duka muka manta shi ne akwai mutum takwas da su ma littafin nan suke kallo. Bayan mako uku littafi ya kwanta a kaikaice, ba mai iya karanta shi, ni ma har da ni. 'Yan mata tara suka riƙa tafiya gida wuya a karkace. Shehun ƙauye ya aiko a tambaye ni wane irin karatu ne ake yi da ɗiyarsa ta koma kallon mutane kamar zakara. Na goge alamar gawayi. Da na faɗa wa Malam, ya ce dabarar mai kyau ce, littafin ne ya yi kaɗan.

Na riƙa tsayar da Bilki bayan an tashi, da tsoffin takardu. Ta ɗan iya karatun daidai, amma kafin ta gama shafi ɗaya wake ya nuna. Lokacin jarrabawa ba zai ishe ta ba. Sai na bar gyara, na koma koya mata juyi: yatsa biyu a kusurwa, kada takarda ta bar tebur, kada ta yi ƙara. Juya, karanta, juya, rubuta. Ban san wata malama a duk yankinmu na Jazira da ta ɓata mako biyu tana koyar da wannan ba. Na kuma je wurin mudir, shugaban makarantar ƙauyenmu, ya ba mu wasiƙar bayani. Ya buɗe durowa ya duba, ya ce akwai takardar makaho, akwai ta mai karayar hannu, amma ta wannan lalura ma'aikata ba ta aiko ba. Ya ba ni shawara in faɗa mata ta daina.

Ranar jarrabawar Larabci muka hau lori bayan asuba zuwa wata makaranta a wajen Haj Abdalla inda aka haɗa ƙauyuka. Yara suka shiga, mu mata muka zauna ƙarƙashin dogon yaro a bakin ƙofa. Ba a yi rabin awa ba mai gadi ya fito yana tambaya ina mai Bilkisu. Tabawa ta dube ni. Ni na shiga.

A ofis akwai shugaban jarrabawar, dattijo mai tabarau, da malamin da ke tsaron ɗakin, saurayi mai riga da ta sha guga, da Bilki a tsaye a gaban tebur. Saurayin ya ce tun da aka kaɗa ƙararrawa take juya takarda don wadda ke gabanta ta gani. Na yi bayani da Larabcina mafi kyau, tun daga littafi ɗaya har tabarma. Ya yi murmushi. Ya ce ya ga masu rubutu a tafin ƙafa, ya ga masu ɗinke takarda a bakin mayafi, amma wannan labarin sabo ne, kuma ya yaba. Ya zauna, ya buɗe fayil ɗinsa ta gefensa zai rubuta rahoto. Dattijon ya ce a dakata, a nemo wani abu bugagge a gwada ta. Yana cikin lalube a durowa sai muka ji muryar Bilki. Idonta na kan fayil ɗin saurayin, daga ɗaya gefen tebur, tana karanta mana yadda wani mai tsaron gida ya gurɗe a gwiwa, da yadda magoya baya suka fusata da mai horarwa. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har wasullan ƙarshe tana ba su haƙƙinsu.

Dattijon ya cire tabarau. Ya miƙa hannu ya zaro jarida daga cikin fayil, a naɗe daidai girman takardun hukuma. Ya dube ta, ya dubi saurayin, ya ce zai ajiye masa ita har a gama. Sannan ya sa a kai teburin Bilki gaba, fuskarta ga bango, ta juya takardarta yadda ta ga dama. Na roƙi a mayar mata da lokacin da ya tafi. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Da ta fito ta ce ta amsa fahimta da nahawu, amma insha'i tana tsakiya aka ce a ajiye alƙalami. 

Sakamako sai da ya kusa wata biyu. Mudir ya je gari ya karɓo, ya sa aka yi shela kowa ya hallara a filin makaranta da hantsi. Aka fito masa da tebur da shayi. Yara suka jeru a gabansa, Bilki a sahun farko don ita ce gajera, mu mata a bayansu, maza a gefe. Ya shimfiɗa takardar a gabansa, iska ta ɗaga ta, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Sannan ya miƙe ya fara jawabi. Mutum ne da ba ya samun taro sai sau ɗaya a shekara. Ya fara daga katangar makaranta da ya gyara.

Ban san wadda ta fara ba. Na dai ga wata ta raɗa wa yarinyar da ke gabanta suna, sunan ya bi sahu har kunnen Bilki, Bilki ta runtse ido kan tebur, ta gyaɗa kai kaɗan. Sai guɗa ta tashi daga baya. Mudir ya ɗaga hannu yana godiya, ya ce bai ma zo kan batun rijiya ba tukuna. Wani sunan ya tafi, wata guɗar ta tashi. Wani ya tafi, Bilki ta sunkuyar da kai, wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita. Maza ma suka fara turo nasu ta bakin yara. Mudir da ya ga jawabinsa yana sa wasu guɗa wasu hawaye, sai ya ƙara masa tsawo.

Tabawa na ta jan mayafina tana cewa mi ya hana ta faɗi nata. Na matsa na tambaya. Bilki ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Ustaza, kofin a kan sunana yake."

Ni ba mai ratsa taron maza ba ce, duk kun sani. Ranar na ratsa. Na tsaya gefen tebur na ce masa shayinsa ya huce, in kai a ɗumama. Ya ce in bari, da sanyi yake so, kuma iska. Na ce ai ba a barin mudir ya sha shayi mai sanyi a gaban jama'a. Na ɗauke kofin, na dafe bakin takardar da ɗaya hannun. Gindin kofi ya bar da'irar jiƙa a kan layin. Bilki ta ɗan ranƙwafo, ta daɗe fiye da yadda ta daɗe a kan na kowa. Sannan ta juya, ta nemi uwarta da ido, ta ce da muryar da ba ta wuce sahu biyu ba:

"Inna, Madani."

Tabawa ba ta yi guɗa ba. Zama ta yi a ƙasa inda take tsaye, ta miƙe ƙafafu, wasu suka yi mata. Lokacin da mudir ya gyara murya ya ce yanzu kuma zai sanar da abin da kowa ke jira, rabin fili ya riga ya watse.

Ban tsaya ji ba, na kama hanyar gida da sauri. Na tarar da Malam zaune a bakin ƙofa, ya jingina da bango, fitarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Ya ji guɗar daga can. Bai tambaye ni wa ya ci, wa ya faɗi ba. Ya dubi fuskata, sannan ya dubi hannuna, ya ce:

"Kofin wa kika sato?"